Shayin Tsofaffin Itatuwa da Ƙafar Baba

Sallar asuba muka idar muka kama hanya, gari bai gama wayewa ba. Mu biyu ne, ni da wani abokina ɗan Maradi da ke tuƙa motar kai kaya. Shi yana da kwalayen da zai sauke a garin Lyon, can kudu da Paris, ni ina da abin da zan nemo. Ku da kuka yi ta kiran salulata kuna tambayar ina na shiga, to ga inda na shiga.

A unguwar Barbès ta nan Paris ya ɗauke ni, ƙarƙashin gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari. Ƴan kasuwa sun fara kafa rumfuna, ana sauke kwandunan lemu da albasa, sanyi na cizon kunne. Da muka ratsa Goutte d'Or na ɗaga kai na dubi tagar Baba. Fitila a kunne take. Ƙafar ta hana shi barci ke nan.

Wanda bai san Baba ba, ga shi a taƙaice. Ba shi ya haife ni ba. Dattijo ne ɗan Damagaram, tsohon ɗan kasuwar goro, ya daɗe a ƙasar nan. Lokacin da na iso Paris ina kwana ƙarƙashin gada a Porte de la Chapelle, da bargo ɗaya da tari a ƙirji, shi ya ji ina zagin wani da Hausa ya tsaya. Bai tambaye ni komai ba. Ya kai ni ɗakinsa, ya dafa shayi, ya ba ni na fari, wato zubin farko. Ɗakin nan shi ne fadarmu har yau. Duk la'asar a nan ake haɗuwa a sha na fari da na biyu da na uku, kowanne da sukari kamar ana cike rami.

Yanzu ciwon sukari ya kama shi. Wani ƙaramin rauni ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara hawa. Likita ya faɗa masa a gaban ɗiyarsa cewa in sukarin jininsa bai sauka ba za a yanke ƙafar. Baba ya karɓi magani, ya yarda da allura, ya rage tuwo da burodi. Shayi ne ya ƙi. Ya ce shayi babu sukari ruwan wankin buta ne. An kawo masa ƙwayoyin zaƙi na farmasi, ya ce ɗanɗanon ƙarfe gare su. Ya ce a yanke. Ɗiyarsa ta kwashe sukarin gidan kaf, duk da haka in anfirmiya, ma'aikaciyar jinya, ta zo wanke ƙafar ta auna jininsa sai ta girgiza kai. Yana da maɓoya. Ba mu gano ta ba.

Ni wankin kwanoni nake yi a wani gidan abinci. Akwai wani mai girki ɗan Sin a wurin, ba ya magana, ni ma ba na yi, shi ya sa muke shiri. Kullum da kwalbar shayi a gefensa, ba sukari. Wata rana ya ga ina kallonta ya zuba mini. Na sha, na ɓata fuska, na koma kan kwanonina. Ina cikin wanki sai na ji maƙogwarona ya yi zaƙi kamar na tsotsi rake. Na dawo na tambaye shi me ya sa a ciki, ya ce ba komai. Ya ce ganyen tsofaffin itatuwa ne da ke kan duwatsun ƙasarsu, sunansa pu'er, ana matse shi ya zama kamar faifai a ajiye. Nasa ya ƙare sai ɗan gari a gindin gwangwani. Wata ƴar'uwar matarsa da ke Lyon ce ke kawo shi, kuma tana shirin tafiya gida, sai bayan watanni za ta dawo.

Kafin Lyon na gwada na kusa. Na je unguwar ƴan Sin ta nan Paris na sayi wani mai araha, da hoton babbar itaciya a takardarsa. Da na dafa wa Baba, ɗakin ya ɗauki warin kifi da na bargon da ruwa ya kwana a kai. Ya tofar a gaban mutane. Ya ce don darajar zaman tare zai sake ɗanɗana mini sau ɗaya, daga nan kada in ƙara kawo masa ciyawa. Wannan sau ɗayan shi na ɗauko na sa a mota.

Fita daga Paris ta fi tafiyar wuya. Titin da ya zagaye birnin a cike yake tun da duhu, kowa na gaggawa, ba mai motsi. Da muka samu babbar hanyar kudu sai mota ta numfasa. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba jaki, ba mai tallan ruwa a gefe. Amma ba kyauta ba ce. Akwai ƙofar da suke kira peyaj, ka zari tikiti, can gaba inji ya faɗa maka abin da za ka biya. Abokina ya ce a gida mai karɓar kuɗin hanya aƙalla yana amsa sallama, ana iya roƙonsa, wannan kuwa ko Alhaji ka kira shi ba ya ragi.

Shi mai surutu ne. Ya ba ni labarin duk motar da ya taɓa tuƙawa da laifin kowace. Ni goro nake ci. Haka nake in hankalina ya tashi. Na sayi ja mai kyau a unguwa na ƙulle a leda da jiƙaƙƙen tsumma, ina ɓarawa ina taunawa. Kafin hantsi na cinye abin da ya kamata ya kai ni kwanaki. A waje wani farin hazo mai laima ya kwanta kan gonaki, fararen shanu na fitowa daga cikinsa, manya, masu ƙiba, ba makiyayi. Abokina ya ce saniyar da ba Bafillace a bayanta marainiya ce komai ƙibarta. Can gaba gonakin inabi ne layi-layi a kan tuddai, ganye ya yi ja ya fara zuba.

Mun tsaya a wurin hutun matafiya muka zuba wa mota gazuwal. Kafe a ɗan kofin takarda, kurɓa biyu, kuɗinsa ya isa ka ci shinkafa da wake a gida har ka yi sadaka. Ba mu saya ba. Abokina ya zo da burodi da dafaffen ƙwai da yaji a takarda, muka ci a tsaye jikin mota. A nan ɗiyar Baba ta kira. Ta gaishe ni a gajarce, ta ce, Yaya, kun yi nisa? Ta ce anfirmiya ta zo ta buɗe ƙafar, ta ɗauki hoto ta aika wa likita, an matso da ranar ganinsa. Baba kuma ya juya fuska bango, ba ya son magana. Na ce mata to. Na ɓari wani goron.

Lyon ta rami ake shigarta. Hanya ta nutse cikin dutse, fitilu rawaya, hayaƙi, motoci a jere. Ba na son wurin da ba na ganin ƙofar fita, na taɓa zama a irinsa a Libiya. Na rufe ido har muka fito. Da na buɗe sai ga ruwa. Koguna biyu ne suka ratsa garin, ɗaya kore-kore mai gudu, ɗaya mai laka yana tafiya a hankali, can ƙasa suka haɗu. Gidaje jajaye da rawaya sun hau tudu, wani babban farin coci a bisa yana kallon kowa. Garin ya fi Paris sarari. Mutanensa ba sa gudu, mai burodi ma yana da lokacin duban fuskarka.

Muka sauke kwalaye, muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci a Guillotière. Unguwar kamar Barbès ce da aka share, Larabawa da baƙaƙe da ƴan Sin da kantunan salula. Abokina ya gargaɗe ni cewa a garin nan alade ne sarki, ko miya ka gani ka tambayi asalinta. Muka ci kuskus wurin wani ɗan Aljeriya. Ni ban ci na kirki ba.

Kantin matar na kan tudu. Mota ba ta kaiwa ƙofar. Matakala ce ta dutse, ka hau ka hau, ka ratsa ta zauren gidan mutane ka ɓulla wani titi. Abokina na haki yana cewa wanda ya gina garin nan bai taɓa ɗaukar buhu ba. Babu allo a ƙofa. Ɗaki ne ɗaya dogo mai nisan rufi, shiru, da ƙamshin busasshen ganye da na itace. Fayafayan shayi na jere a kan katako har sama, an naɗe su da farar takarda, wasu an ɗaure su tare cikin ɓawon gora. Ta buɗe ɗaya ta nuna mana. Abokina ya raɗa mini da Hausa cewa daddawa ce, in kuma ba daddawa ba to abin da saniya ta bari a hanya ne. Na taka masa ƙafa.

Matar ta manyanta, ƙarama ce, gashi ya fara fari, hannuwanta na mai aikin gona. Akwatunan tafiyarta na bakin ƙofa a ɗaure. Faransancinta ya fi nawa, bai kai na abokina ba, don haka shi ya yi mana tafinta inda na maƙale. Na faɗa mata abin da ya kawo ni: dattijo, ciwon sukari, ƙafa, sau ɗaya. Kafin ta taɓa buta ta ce in ji da kyau, shayinta ba magani ba ne, ba ya warkar da ƙafa, duk wanda ya ce yana yi ƙarya yake. Na ce magani yana da shi. Abin da zai riƙe a hannu da la'asar nake nema.

Muka zauna a wani teburin katako mai ramuka. Ta sa tsinke mai kaifi ta ɓamɓaro ganye daga faifan, ta zuba a ɗan kwano mai murfi wanda bai kai tafin hannu ba. Ba gawayi, ba tafasawa, ba ɗaga buta sama a yi kumfa. Ta zuba ruwan zafi kan ganyen, ta rufe, nan take ta tace. Sai ta juye ruwan kan tebur, ya bi ramuka ya tafi.

Ban san lokacin da na kama hannunta ba.

Abokina ya fara ba da haƙuri da Faransanci mai yawa. Na sake ta. Na ji kunya, na ji tsoro kuma, don in ta kore mu shi ke nan. Na ce masa ya faɗa mata na ratsa hamadar Tenere a bayan mota, motar ta mutu, mun yi kwanaki muna raba ruwa da murfin jarka, ba dukanmu muka iso ba. Tun daga nan ba na iya ganin ana zubar da ruwan da za a iya sha. Ta dube ni, ta tashi ta ɗauko wani kwano. Ta ce ruwan farko wanka ne, yana farkar da ganye, ba a shan sa, amma daga yanzu za ta tara shi ta ba shukokinta na taga. Haka ta yi har muka tashi.

Shayin da ta fara ba mu ta ce mai laushi ne, daga wani dutse da ake yabon ganyensa da sanyin hali, shi ya dace da tsoho marar lafiya. Ruwansa rawaya ne kamar narkakken man shanu, kofin kamar murfin kwalba. Abokina ya sha ya ce yana jin zuma da fure. Ni na sha na ji ruwan zafi. Na jira maƙogwarona, ba komai. Ta zuba na biyu da na uku, ba komai. Ta sauko da wani faifan ta sake, duk ɗaya. Na fara tunanin ko abin da na ji a wurin aiki yunwa ce ta yi mini wasa, gobe kuma zan shiga ɗakin Baba hannu rabbana.

Sai ta daina zubawa ta zuba wa bakina ido. Ta tambayi me ya sa haƙorana da harshena suka yi ja. Abokina ya fashe da dariya.

"Wanga tun Paris shike tamnar goro kamar akuya," in ji shi da Hausa. "Ina za shi ji wani ganye?"

Na fito da ledar na ba ta ɓari ɗaya. Ta juya shi, ta shinshina, ta tauna. Fuskarta ta tattare wuri guda, ta nemi inda za ta tofar. Na ɗaga mata hannu, na tura mata kofin ruwa. A gida kowa ya san wannan: ruwan bayan goro zaƙi gare shi. Ta haɗiye da ƙyar, ta kurɓi ruwan, ta ajiye kofin a hankali. Ta sake kurɓa. Ta yi wata magana da yarensu ita kaɗai, sannan ta tambaya ko dattijon na cin wannan abin. Na ce da shi ya yi rayuwarsa, yana sayarwa yana ci, har haƙora suka zube. An saya masa magogi, ya ce gogaggen goro abincin jarirai ne, ya bari.

"To ba mai laushi zan ba shi ba," in ji ta. "Bakin da ya girma da wannan, mai laushi ba zai ma san ya shiga ba."

Ta jawo tsani ta hau har ƙarshen katako ta sauko da wani faifai. Ta ce daga ƙauyen mahaifiyarta ne, kan wani dutse da aka sani da ɗaci. Turawan da ke saye a wurinta ba su cika son sa ba, wasu har sun dawo mata da shi. Amma ba za ta dafa ba sai bakina ya huce. Ta karɓe ledar goron ta sa a aljihunta kamar malamar lakwal da ɗalibinta, ta ba ni gayan burodi da ruwan ɗumi, ta ce mu je mu dawo kafin ta rufe.

Wannan jiran shi ya fi komai tsawo a tafiyar. Muka sauka bakin kogin mai laka. Tsofaffi na jifan ƙwallayen ƙarfe a kan yashi, suna gardama kan tazarar da ba ta kai yatsa ba. A tagar wani mai burodi akwai wani kek ja jawur, sukari zalla, an ce da shi garin ke alfahari. Na kau da kai. Hannuna na zuwa aljihu yana dawowa babu goro. Na kira ɗiyar Baba, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, ba ta ɗauka ba. Abokina ya ce wataƙila tana cikin metiro. Muka yi la'asar a wani lungu a kan kwali, muka sake hawa matakalar.

Ta dafa. Ruwan farko ya tafi kwanon shuka. Na biyu ta miƙo mini da hannu biyu. Na kurɓa. Maɗaci. Ɗaci ya kama harshe ya kama dasashi, na ji kamar in miƙe in fita. Ta ɗora yatsa a leɓenta, na zauna. Ina jin ƙarar butar ruwa da numfashin abokina. Sai ɗacin ya saki kamar an kwance igiya. Yawu ya taru ƙarƙashin harshena. Daga can ƙasan maƙogwaro zaƙi ya taso, mai sanyi, ba ya manne wa baki irin na sukari, yana ƙaruwa in na ja numfashi. Ta turo mini ruwa yadda na tura mata. Na sha. Ruwan famfon Lyon ya zama kamar an jiƙa dabino a ciki.

Na gyaɗa kai, ta gyaɗa kai.

Muka yi ta sha daga ganyen nan guda, zubi bayan zubi, bai mutu ba. Namu na gida a na uku yake gama magana, wannan a na uku ya fara. Abokina, da yake ɗan kasuwa ne a jini, ya ce ina shaidar cewa itaciyar tsohuwa ce, tunda na Paris ma da hoton itaciya a jikinsa. Ba ta ji haushi ba. Ta ce takarda kowa na iya bugawa, kuma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan tsofaffin itatuwa daga gonakin gajerun shuke-shuke yake, ko an gauraya. Ta zaro jiƙaƙƙen ganye ta shimfiɗa masa a tafi, dogo, mai kauri, jijiyoyinsa a fili, ya ja shi bai yage da wuri ba. Ta nuna mana a salula wata gwaggonta a kan reshe, ba takalmi, da kwando a baya. Itaciyar ta fi ɗaki tsawo, gansakuka ta rufe gindinta, daji ne kewaye da ita. Ta ce kakar gwaggon a haka ta tarar da ita. Shekarun itaciyar kuwa ba ta sani ba. Ita dai tana zuwa da kanta ta tsaya a tsinka, a soya ganyen a babban kasko, a murza da hannu, a shanya a rana. Abin da ya wuce wannan, in ji ta, maƙogwaronka ne shaida.

Na sha hulɗa da masu ƙetarar da mutane. Wanda ya fi rantsuwa shi ke barin ka a rairayi. Matar nan ba ta rantse ba ko sau ɗaya, har cewa ta yi ba ta sani ba. Na ce a yanka mini.

Yana da tsada, ba zan ɓoye ba. Faifai guda ya fi ƙarfina. Ta ɓamɓaro mini gutsure kamar tafin hannu ta naɗe a farar takarda, ta haɗa mini da ɗan kofi da ɗan kwano mai murfi wanda bakinsa ya ɗan ɓantare. Ta sa na yi ta dafawa a gabanta har na daina ƙona yatsu. Ta ce kada a ɗora shi kan wuta, kada a sa na'ana'a, kada ya sha da yunwa, kuma a faɗa wa likitansa. Sannan ta maido mini da ledar gorona, bayan ta cire guda biyu ta ce za ta kai wa gwaggonta.

Muka kwana wurin wani ɗan Tawa da ke aiki a garin. Ɗiyar Baba ta aiko da saƙon murya cewa salularta ce ta mutu, Baba na nan, ya ɗan ci abinci. Na sa ƙunshin cikin rigata. Da safe muka juyo.

A wata ƙofar peyaj ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka ɗaga mana hannu, da kare. Takarduna daidai suke yanzu, amma jiki bai san haka ba, tsoro ya kama ni kamar da. Suka duba bayan mota, wayam. Ɗaya ya tambayi abin da ya kumbura a ƙirjina. Na fito da shi. Sai a lokacin na ga abin da idonsa ke gani: mota ba kaya, da wani matsattsen dunƙulen ganye baƙi-baƙi a takardar da ba rubutu. Abokina ya fara bayani harshensa na harɗewa. Ni karen nake kallo. In ya sa hanci ko harshe a kai Baba ba zai sha ba, ni kuma ba zan ɓoye masa ba. Na ce wa ma'aikacin shayi ne, na tsoho ne marar lafiya, ya shinshina da kansa amma don Allah ya riƙe karensa. Ya dube ni. Ya kai hancinsa, ya ɗan murza gefe, ya ga ganye ne. Karen ko kallonmu bai yi ba, ragowar ƙwai da yajin abokina ta fi damunsa. Aka miƙo mini, aka ce mu sauka lafiya. Sai da muka yi nisa abokina ya ce da an kama mu da cewa zai yi a hanya ya tsince ni.

Mun shigo Paris da la'asar. Ban biya ɗakina ba. Ƴan fada na zaune, buta a gefe a sanyaye, don tun da abin ya tsananta ba mai dafa shayi a gaban Baba. Yana kan gado, ƙafar a naɗe kan matashi. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, bai tambayi abin da na kawo ba. Ɗiyarsa ta ce ya ci abinci. Na dafa ruwa.

Na zuba, na tace, na juye ruwan farko a tukunyar na'ana'ar da ke tagarsa. Ɗakin ya ɗauki gunaguni.

"Na fari ka ba ciyawa?" in ji Baba. "Haka aka koya maka a gidanku? Na fari na manya ne."

"Wannan na biyunsa ne na manya, Baba."

Na miƙa masa. Ya dubi kofin ya ce ko na ƴar tsana na aro. Ya kurɓa. Fuskarsa ta yi abin da fuskar matar ta yi da goro. Ya dire kofin.

"Har Lyon ka je ka sayo mini maɗaci. Ɗan nan, da ka faɗa mini, ai a Damagaram kyauta ake ɓararsa."

Wani ya yi dariya. Na ce, Baba, dakata. Ya buɗe baki zai ƙara, na sake cewa dakata, da muryar da ban taɓa yi masa ba. Ya dube ni. Ba ni da wata dabara bayan wannan. Maƙogwaronsa nake kallo. Ya motsa, ya sake motsawa. Na zuba ruwa a kofi na miƙa.

Ya sha. Ya riƙe kofin, ya dubi ɗiyarsa.

"Ke kika sa wani abu a ruwan nan?"

Ta ce daga famfo yake. Ya sake kurɓa, ya lumshe ido, yana juya harshe a bakin da ba haƙora. Ya daɗe a haka.

"Daushe," in ji shi a hankali. Goron da ya shekara a ajiye ke nan, shi ya fi so lokacin da yake da haƙora. "Wannan daushe ne aka mayar ruwa."

Sai ya sa hannu ya cire hularsa. Daga cikinta ya zazzage sukari a kan faranti, irin na ƴan takardu da ake bayarwa a gidan kafe. Ɗiyarsa ta rufe baki. Mun duba katifa, mun duba aljihu, mun duba takalmi, amma ba wanda ya isa ya taɓa hular Baba. Ya mayar da ita kansa, ya turo mini kofin.

"Zuba na gaba. Kuma ka rage rowa."

Ƙafar na nan a naɗe. Ban ce ta warke ba. Ranar likita na gabanmu, abin da zai ce Allah ne ya sani, kuma har yanzu in salula ta yi ƙara a guje nake ɗauka. Amma a zuwanta na baya-bayan nan anfirmiya ta auna jinin ba ta girgiza kai ba. Fada ta dawo. Gutsuren na raguwa, ina ɓamɓarar sa kamar ana cire ƙaya, matar kuma tana can kan dutsensu da gorona biyu.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In za ku Lyon ku je da takalmi mai daɗin hawa, ku tambayi abin da ke cikin miya. In za ku ɗanɗana shayi ku bar goro a gida, ko da yake ni da na bar shi a gida da mai laushin nan na kawo wa Baba, ba nasa ba. Na ƙarshe, ba a ƙwace wa tsoho abu a bar hannunsa wayam. Mun daɗe muna ƙwacewa yana ɓoyewa. Ranar da aka sa masa wani abu a hannun, da kansa ya cire hula.